Zamiyar Ƙarshen Damina

Damina ta naɗe tabarmarta, saura gefe ɗaya.
Gero ya sha yanka, dawa na jiran tata ranar,
kowa a Kwatarkwashi ya ce santsi ya ƙare,
wai dutse ya bushe tun ran Laraba.
Ni da Nomau mun san inda bai bushe ba.

Akwai wata tsaga a bayan dutsen
da rana ba ta leƙawa sai hantsi ya dubi ludayi.
Can ruwa ke tsattsafowa kamar mai jin kunya,
ya shimfiɗa gansakuka kore shar,
faɗinta bai fi zanen goyo ba,
tsawonta kuwa, a tambayi wandona.

Mun fita bayan asuba,
kowa da ɓarin jarka a hammata,
tawa rawaya, har yanzu tana ƙanshin man gyaɗa,
tasa shuɗiya, an ɗinke tsagarta da waya.
Shekarata arba'in da uku. Lissafi nake koyarwa.
Da ɗalibaina za su gan ni,
da na sha dariya har ƙarshen zango.

Hawan shi ne kuɗin shiga.
Gwiwa na ƙara, numfashi na neman tsere mini,
ƙarangiya ta yi wa ƙafar wando ado.
Nomau na gaba, ba ya waiwaye,
tun muna yara haka yake.

A tsakiyar damina nan ba masaka tsinke,
yara kamar fara, ihu, ture-ture,
sama a murtuke, ruwan na cizo don sanyi.
Yau ba kowa.
Mikiya ɗaya can sama tana shawagi,
sai ƙadangare da ke gyaɗa mana kai
kamar ya san abin da ya kawo mu.

Na tuɓe riga. Rana ta dafa mini kafaɗa,
ruwan ya yi ɗumi kamar na alwalar tsoho.
Na zauna, na ɗage ƙafafu. Bismillah.

Da farko jarka ta yi gardama, ta yi gurnani,
sannan ta saki,
fuuu!
Iska ta cika mini baki,
gonaki suka taso tarbata,
titin Gusau ya zama zare, tirela ta zama ƙwaro a kansa.
Bashin mai shago, takardun da ban duba ba,
duk na baro su a sama,
su ba su iya zamiya ba.

Sai busasshen wuri. Ƙiii!
Jarka ta ci birki, ni ban ci ba.
Gwiwar hannu ta bar wa dutse tukuici.
Na miƙe, na saɓa jarka,
taku goma sha biyu a kan dutse mai zafi,
na sake zama inda koren ya ci gaba.
Shekaranjiya taku bakwai ne, in ji Nomau.
Jibi ba mu ƙirga ba.

A ƙasa, bakin ɗan kududdufi,
muka baje, muna ɓare dafaffiyar gyaɗa,
kwaɗi biyu na kallonmu, su ma baƙin ƙarshe.
Sai ga Ige da damin itace a ka.
Ta dubi jarka, ta dubi furfurar gemuna.
Malam, har da kai?
Na rasa inda zan sa idona.
Ta gyara gammo, ta ce:
a zamaninmu da tsohuwar fatar akuya muke yi,
ta fi wannan robar taku gudu.
Ta wuce, kafaɗunta na rawa.

Rana ta fara shiga tsagar.
Ina ganin koren yana ja da baya,
gefensa na komawa toka-toka.
Nomau ya karkaɗe ɓawon gyaɗa daga cinyarsa,
ya dubi sama, ya dube ni.
Ɗaya kuma?
Gwiwata ta ce a'a.
Na riga na ɗauki jarka.